Ranar da Inna Ta Zo Dubiya Unguwar Rimi

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, kuma duk wanda ya tashi a gida irin namu ya san abin da hakan yake nufi. Ba ta faɗin sunana. Tun ina yarinya "ke" nake, ko "waccan", da na yi aure kuma na koma "ta Unguwar Rimi". Idan tana da magana da ni, ko ina zaune a gabanta, sai ta juya wajen ƙanwata Auta ta ce, "Ce mata kaza." Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce irin ta mutanen da, kuma ban taɓa jin haushin abin ba. Shekara goma sha bakwai da aurena Inna ba ta taɓa taka gidana ba. Haihuwa uku na yi, duk ƙanwarta take turowa ta zauna da ni. Da aka ba maigidana gida a Unguwar Rimi dangi kowa ya zo ganin wuri, ita turaren wuta ta aiko da addu'a. Shi kuwa surukin nata idan ya je gaishe ta a Unguwar Kanawa, a bakin ƙofa yake durƙusawa, su gaisa ta bayan labule.

Na fara da wannan ne don a fahimci abin da dokar kulle ta sa na aikata. Har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci, kuma ban gama sanin wanda zan ɗora wa ɓacin ran ba.

Lokacin zafi ne, shekarar korona. Aka ce kowa ya shige gida ya zauna, ba ofis, ba makaranta, ba jam'i, ba keke ba acaɓa. Aka ware kwana biyu a mako, wai a fita a sayi abinci. To, ka kulle gari guda kwana biyar, sannan ka sake shi lokaci ɗaya cikin filin makarantar firamare ka ce a nan za a ci kasuwa, kuma a ba da tazara! Wace tazara? Na je sau ɗaya sayen tumatir da attarugu, wallahi numfashin wata mata a ƙeyata nake ji har na fito. Sannan waɗanda suka tsara abin sun manta da wani abu, ko kuma ba su taɓa saninsa ba. Mu ba abinci kaɗai muke tarawa mu jira ranar fita ba. Barka tana jira, gaisuwar mutuwa tana jira, dubiya tana jira. Ranar da aka buɗe, wanda ya fita da sunan cefane sai ya zaga gida huɗu kafin ya koma nasa.

Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, yana cikin 'yan kaɗan ɗin da aka bari suna leƙa ofis. Wani abokin aikinsa ya kamu. Ba a yi kwana uku ba shi ma ya fara zazzaɓi da tari, ya ce mini ba ya jin ƙanshin komai, har turaren da nake sa wa ɗaki. Muka kira lambar da ake ta faɗa a rediyo. Washegari mota ta tsaya a ƙofar gidanmu da rana tsaka, mutum biyu suka fito cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa, suka shigo suka zura masa wani tsinke a hanci. Suka ce ya killace kansa, mu ma kada wanda ya fita, kada wanda ya shigo, har sakamako ya fito. Yaushe zai fito? Za a kira mu. Suka bar mini takarda: ɗakinsa daban, banɗakinsa daban, kwanonsa da kofinsa daban. Na karanta na ce, to mu da Allah ya rufa wa asiri muna da ɗakin baya, mun iya. Gidan Inna fa, inda magidanta shida suke layi a famfo ɗaya da bayi ɗaya, su wace takarda za a ba su?

Na mayar da maigidan ɗakin baya. In ajiye abinci a bakin ƙofa, in ƙwanƙwasa, in ja da baya. 'Yan matana uku na hana su ko leƙa wajen. Na sa kwaɗo a get, na ɗaure mukullin a bakin zanina.

Ban gaya wa Inna ba. Tana da hawan jini, tana da ciwon suga, ta haura saba'in, kuma kullum rediyo cewa take irinsu cutar ta fi kayarwa. Na ce in ya warke ta ji labari. Shashancina ke nan, na ɗauka za a ga masu fararen kaya a layinmu magana ta tsaya a layinmu. Kafin ta ƙetare Badarawa ta isa Unguwar Kanawa an riga an ƙara mata gishiri: wai yana kwance rai a hannun Allah, wai yaran ma duk sun kamu, wai ni kaɗai nake fama ba mai miƙa mini ruwa. Inna kuwa ba za ta ɗaga waya ta tambayi 'yar fari halin da mijinta yake ciki ba. Ta yi shiru da abin a cikinta, ta jira ranar fita.

Ranar ina wanke kwanukansa da ruwan zafi, wajen ƙarfe sha biyu, na ji ana buga get. Na sa takunkumi na je na leƙa ta ɗan ramin da ake zura hannu a zare sakata. Auta na fara gani, ta yi sharkaf da gumi, riƙe da leda.

"Yaya, buɗe mana. Ni da Inna ne."

"Ke da wa?"

Ta matsa gefe. Ga Inna tsaye, da mayafinta na zuwa unguwa, takunkumin da Auta ta ɗaura mata ya zame ƙarƙashin haɓa, ta rungume kular abinci a ƙirji. Ƙafafunta sun yi futu-futu. Babu abin hawa, da ƙafa suka zo tun daga Unguwar Kanawa, matar da zuwa masallacin Idi ma sai an nemo mata keke. Tana kallon bangon gidan, tana kallon bishiyar mangwaron da ta leƙo waje, ba ta kalli inda nake ba.

Wallahi hannuna ya riga ya kai bakin zani. Na kwance mukullin, har na ɗora shi a kan kwaɗon. Shekara goma sha bakwai ina fatan wannan rana, na sha tsara yadda zan shimfiɗa mata darduma a falo, in kira yara su zagaye ta, in nuna mata kicin ɗina. Sai na ji tarinsa daga ɗakin baya, irin tarin nan mai kamar ana tsaga itace. Ni nake ɗaukar kwanonsa safe da yamma. Ban san abin da ke jikina ba, ban san abin da ke jikin yaran ba, kuma waɗanda suka sani ba su kira ba.

Na ce, "Inna, sannu da zuwa. Sannu da hanya. Inna, ki yi haƙuri, ba zan iya buɗewa ba."

Ta juya wajen Auta. "Ce mata dubiya na zo, ba zama ba. In ga mai jiki in koma."

"Inna, ba a ganinsa. Ni ma ba na shiga inda yake. Ciwon nan a iska yake, kuma masu suga ya fi kamawa. In kika shigo wani abu ya same ki, ina zan sa kaina?"

"Ce mata na yi jinyar masu ƙyanda, na yi ta masu sanƙarau, na wanke gawar mai amai da gudawa da hannun nan. Ga ni tsaye."

"Wannan daban ne, Inna."

"Ce mata kowane ciwo da aka yi, haka aka ce daban ne."

Auta ta fara kuka, tana cewa, "Yaya, don Allah ko tsakar gida ne, ta zauna a inuwa ta huta, kin ga ƙafarta kuwa?" Na gani mana. Ta kumbura har silifas ya nutse a ciki. Amma na san Inna, kuma na san 'ya'yana. Tana shigowa za su fito da gudu su faɗa jikinta, don da su ba ta da kunya, wasa take da su kamar sa'anninta. Daga nan ta ce bari ta tsaya daga bakin ƙofa ta yi masa sannu, daga bakin ƙofa ta ce a miƙo mata kofinsa ta zuba masa rubutu. Wa zai riƙe ta? Ni?

Sai ga muryar maƙwabciyata daga saman benensu: "Haba Hajiya! Mahaifiyarki ce fa! Ki ji tsoron Allah!" Kai jama'a! Matar nan tun ranar da motar ta zo ta hana 'ya'yanta bi ta ƙofar gidanmu. Ko sannu ba ta yi mini a waya ba. Almajiranta na wanki ma ta canza musu hanya. Yanzu ita ce daga can sama, ta toshe hanci da gefen mayafi, take koya mini darajar uwa. Na ɗaga kai na ce, "To sauko ki shigar da ita naki gidan ta sha ruwa mana, tunda ke lafiyarku ƙalau!" Ta ja labule. Ban sake jin ɗuriyarta ba.

Ruwan ma ban iya ba Inna ba. Wannan ya fi komai ci mini rai. Uwata ta yi tafiyar da ta fi awa biyu a cikin rana, ta tsaya a ƙofar gidana, kuma kowane kofi da ke gidan ina tsoronsa, kowace kujera ina tsoronta. Na ce Auta ta ruga shagon kan kwana ta sayo ruwan leda. Ga mota a ajiye a tsakar gida, ga mai a ciki, amma in na sa ta a mota na rufe ƙofa, me na yi ke nan? Na ce su jira in kira wani abokin maigidan ya zo ya mayar da su. Na kira, ya ce yana layin shingen jami'an tsaro a wani gefen gari, sai dai nan da awa ɗaya.

Inna ba ta jira ba. Ta sunkuya da ƙyar ta ajiye kular a gindin get, ta karɓi ledar hannun Auta ta ɗora a kai. Sannan ta yi abin da ban taɓa gani ba, ta dubi ramin nan da idona yake, ta yi magana da ni kai tsaye.

"Farfesu ne. A ledar akwai tazargade, a tafasa ya yi sirace. Rubutun a sha da safe. Allah ya ba shi lafiya, Allah ya sa kaffara ne."

Na ce amin, ko ban ce ba, ban sani ba. Ta juya. Na bi su da ido ta ramin har suka sha kwana, tana jan ƙafa, Auta na riƙe da gwiwar hannunta, ruwan ledar a hannun Auta ba a fasa ba.

Na shiga gida na kira lambar nan ta mutanen lafiya. Wata baiwar Allah ta ɗauka, na sauke mata duk abin da ke cikina. Na ce kwana nawa ke nan da kuka ɗauki gwaji? Kun ce kada a shigo, na ji, na bi, yau na kori uwata daga ƙofar gidana saboda maganarku, ku kuma ko ku ce mini e ko a'a kun kasa! Ta ce in yi haƙuri, samfurin yana layi, ita waya kawai aka ba ta ta riƙe. Daga baya na ji kunyar abin da na yi mata, don ita ma 'yar wani ce aka ajiye a bakin wuta. Amma a lokacin da zan iya fizgo ta ta cikin wayar da na yi.

Dangi kuwa ba su ɓata lokaci ba. Kafin magariba kawuna ya kira. "Yanzu ke boko har ya kai ki ga rufe wa uwarki ƙofa?" Na ce, "Kawu, ceton ranta na yi." Ya ce rai a hannun Allah yake. Na ce na sani, amma ai shi ma da ya ji labarin bai zo dubiyar ba. Ya kashe waya. Duk waɗanda suka zage ni a makon nan, babu ko ɗaya da ya tako layinmu. Tsohuwa mai suga ce kaɗai ta iya, su kuma suna kwance a ƙarƙashin fanka suna auna mini tarbiyya.

Bayan kwana huɗu sakamako ya fito. Maigidana yana ɗauke da cutar. Suka zo suka tafi da shi wurin killacewa, mu kuma aka ce mu sake ƙirga kwana goma sha huɗu daga farko. Na zauna a bakin gado na ce, to ga shi, ashe da gaskiyata. Na jira wani a dangi ya kira ya ce haka. Har yau ina jira.

Kullum ina kiran wayar Auta in ce a ba Inna. Mu gaisa: lafiya lau, ya mai jiki, da sauƙi, madalla. Shi ke nan, ta miƙa wayar. Bayan 'yan kwanaki Auta ta fara cewa Inna na barci, Inna na salla, Inna ta shiga maƙwabta. Azumi ya kama a haka. Na ɗauka fushi ne, na ce bari in ba ta lokaci, in na fito na je na durƙusa.

Allah ya taimake mu, maigida ya warke ya dawo, ni da yara gwaji ya nuna ba mu da komai. Ranar fita ta farko bayan an sallame mu na ɗauki mota sai Unguwar Kanawa. Tun a zaure wata matar gidan ta tare ni da, "Sannu Hajiya, ya jikin Inna? Jiya ai mun ga tashin hankali." Na ce wane jiki?

Auta na tsakar gida tana fifita wuta. Da ta gan ni ta miƙe, maficin hannunta ya faɗi. Na ja ta gefe, na matse ta sai da ta faɗa mini. Tun dawowarsu daga gidana ƙafar Inna ta fashe a ɗan yatsa, wurin ya ƙi warkewa, zazzaɓi ya biyo baya. Kwana goma sha ɗaya tana kwance. Maganin hawan jininta, wanda ni nake kawowa duk wata, ya ƙare tun makon jiya. Asibiti fa? Ta ƙi. Wai duk wanda ya je da zazzaɓi yanzu riƙe shi ake yi. Mai kemis ɗin bakin titi ne yake ba su abin da ya samu.

Na ce, "Ke kuma wace irin sakarya ce? Kullum ina kiranki! Kullum!"

Ta ce, "Rantsar da ni ta yi, Yaya. Ta ce kada in kuskura in gaya miki. Ta ce ke mai bin doka ce, kina ji za ki turo mata masu fararen kaya su ɗauke ta, ta mutu inda ba mai yi mata kalmar shahada."

Ban san lokacin da na zauna a kan turmi ba. Wato abin da Inna ta ɗauko daga ƙofar gidana ke nan. Na hana ta shiga don kada ciwo ya same ta, ita kuma ta koyi cewa ciwo abu ne da ake ɓoye mini. Masu rubuta takardar nan sun lissafa ɗaki da banɗaki da kofi, ba su lissafa wannan ba, kuma ba su ne za su ɗauki tsohuwa da ruɓaɓɓen yatsa zuwa asibiti ba.

Na je bakin ƙofarta na yi sallama. Na tsaya a nan, ban ɗaga labulen ba. Daga ciki na ji muryarta, ta yi ƙasa sosai.

"Wace ce?"

Auta ta ce, "Ta Unguwar Rimi ce."

Inna ta ce, "Ce mata ta shigo mana. Ni ban iya tsayar da mutum a waje ba."

Na shiga. Ta rame, ɗakin yana warin ciwo. Na durƙusa na ce ta yafe mini. Ta ce wa Auta ba abin da na yi mata, doka ce. Na rantse mata da Allah ba mai ɗauke ta, ni da kaina zan kai ta wurin likitan suga in dawo da ita, kuma duk inda aka shiga da ita ƙafata ƙafarta. Da ƙyar ta yarda. A ranar muka je. Likita ya duba ya yi ta faɗa, ya ce me muke jira tun tuni. An ceci ƙafar, amma yatsan sai da aka cire shi.

Mutane suna ce mini ai komai ya wuce, tunda tana raye. Tana raye, alhamdu lillahi, kuma in aka mayar da ni bakin get ɗin nan yau, da tarin nan a bayana, ba zan buɗe ba. Na faɗa wa kawu haka a gaban jama'a ranar wani suna, ya ce ba ni da kunya, na ce na ji. Abin da ba zan yafe ba shi ne yadda aka bar ni ni kaɗai da mukulli a hannu. An kafa doka, an hana abin hawa, an riƙe sakamako fiye da mako, sannan aka koma gefe aka bar mace ɗaya ta zaɓa tsakanin lafiyar uwarta da fuskar uwarta, ta ramin sakata.

Bayan an ɗage dokar gaba ɗaya, an koma makaranta an koma masallaci, na sa aka yi wa gidan fenti, na sayi sabuwar darduma. Na je Unguwar Kanawa da 'yan matana, na sa su a gaba don na san ba ta iya yi musu musu. Babbar ta ce, "Inna, Mama ta ce ki zo ki yi mana mako ɗaya. Mota za a zo a ɗauke ki, har cikin gida." Ni ma na sa baki, na ce ko wuni ɗaya ne, ta zo ta ga inda muke zaune, ta sa mana albarka.

Inna tana gyara ɗaurin ƙafarta, ba ta ɗago ba. Ta yi murmushi ta shafa kan yarinyar, sannan ta juya wajen Auta.

"Ce mata ai na ga gidan. Ƙofarsu baƙa ce, mai kyau, ga ƙarfi. Allah ya sanya alheri."